Manyan kwandalolin tunawa na Birtaniya: wace ce ke da tsada, wace ce ta ajiya kawai?

A gidaje da dama, daga zangon Kumasi zuwa Garwa, daga Maraɗi zuwa Omdurman, akan ci karo da wata ƙatuwar kwandala fara a ƙasan adaka ko cikin gwangwanin da tsohuwa ke ajiye sarƙoƙinta. Gefe ɗaya hoton Sarauniyar Ingila ne, ɗaya gefen kuma ko dai fuskar wani dattijo mai murtuke fuska, ko Yarima Charles da amaryarsa Diana. Wasu ɗalibai ne da ma'aikata suka dawo da su daga Birtaniya a matsayin tsaraba, wasu kuma sun biyo kayan gwanjo.

Tun bayan rasuwar Sarauniya Elizabeth ta Biyu a ranar 8 ga Satumban 2022, saƙonni da bidiyo sun yawaita a Facebook da TikTok da WhatsApp masu cewa irin waɗannan kwandaloli sun kai miliyoyi. Maganar ta isa ta sa magada su fara kallon juna da zargi, ta kuma isa ta sa mutum ya tura wa baƙo kuɗinsa da sunan share fagen ciniki. Gaskiyar lamarin ita ce, mafi yawan kwandalolin da ke hannun jama'a ba su wuce fam ɗaya zuwa biyu ba a kasuwar Ingila kanta. Akwai kuma 'yan kaɗan da suka kai dubban fam. Ana iya rarrabe su idan an duba shekarar bugu, da ƙarfen da aka yi su da shi, da yawan waɗanda aka buga, da kuma lafiyar jikinsu.

Mece ce kiraun?

Turawan Ingila na kiran wannan kwandala kiraun, kalmar da ke nufin kambin sarauta. Darajarta ta asali sule biyar ce, wato rubu'in fam, tunda sule ashirin ne ke yin fam ɗaya a tsohon lissafi. An fara buga ta da zinariya a shekarar 1526 zamanin Sarki Henry na Takwas, sannan aka buga ta azurfa ta farko a 1551 zamanin ɗansa Edward na Shida.

Girman da aka san ta da shi a yau ya samo asali ne daga garambawul ɗin kuɗin Birtaniya na 1816. Nauyinta giram 28.28, faɗinta milimita 38.61. Wannan girma ne ya hana ta farin jini a kasuwa, domin ta yi wa aljihu nauyi, mutane sun fi son ƙananan sulalla. Bayan 1902 sai aka daina buga ta don saye da sayarwa na yau da kullum, ta koma abin da ake fitarwa lokacin naɗin sarauta, ko bikin cika shekaru a gadon mulki, ko aure a gidan sarauta, ko rasuwar wani babba.

Kiraun ba ta cikin kuɗin da dattawan Najeriya da Gana da yammacin Kamaru suka kashe a zamanin mulkin mallaka. Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1912, ita ce ke fitar da anini da kwabo mai huji da taro da sisi da sule da fataka, kuma ba ta taɓa sanya kwandalar sule biyar cikin jerin ba. Duk kiraun ɗin da aka gani a wannan yanki, daga waje aka shigo da ita.

A ranar 15 ga Fabrairun 1971 Birtaniya ta sauya lissafin kuɗinta, fam ɗaya ya koma sabon kwabo 100. Sule biyar ta zama kwabo 25. Kwandaloli huɗu aka buga da wannan daraja: ta 1972, ta 1977, ta 1980 da ta 1981, kuma babu wadda aka rubuta wa farashi a jiki. Daga 1990 aka ɗaga darajar sababbin bugu zuwa fam biyar, saboda kuɗin buga kwandala mai wannan girma ya fi ƙarfin kwabo 25. Ta farko a wannan jeri ita ce ta cikar mahaifiyar Sarauniya shekara 90. Tun daga nan ake rubuta fam biyar da Turanci a jikin kowace. Girman bai sauya ba, shi ya sa wasu ke ɗaukar ta 1977 ko ta 1981 a matsayin fam biyar, alhali kwabo 25 ce, abin da bai kai sefa 200 ba, wato dala arba'in a lissafin kasuwar Nijar.

Yadda azurfa ta fita daga cikinta

Tambayar farko da maƙerin farfaru zai yi ita ce: da wane ƙarfe aka yi ta? Shekarar da ke jiki ta isa ta ba da amsa.

Duk kiraun ɗin da aka buga daga 1818 zuwa 1902 tana da azurfa kashi 92.5 cikin ɗari. Ke nan a cikin giram 28.28 akwai zallar azurfa giram 26 da ɗan ɗoriya. A nan ne kwandalolin Sarauniya Biktoriya suka faɗo, waɗanda yawancinsu ke ɗauke da hoton mahayin doki yana fafatawa da dodo, zanen wani ɗan Italiya mai suna Benedetto Pistrucci.

Bayan Yaƙin Duniya na Farko farashin azurfa ya tashi, sai gwamnati ta rage ta zuwa rabi a 1920. Kiraun ɗin da aka buga don jama'a daga 1927 zuwa 1937 duk rabin azurfa ne, kimanin giram 14 a kowace.

A 1947 aka cire azurfar gaba ɗaya, domin Birtaniya na buƙatarta don mayar wa Amurka wadda ta ranta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Aka koma amfani da haɗin jan ƙarfe kashi 75 da nikel kashi 25. Haɗin fari ne ƙal, yana ƙyalli kamar azurfa, amma ƙarfen da ke cikin kwandala ɗaya ba shi da wata daraja ta a zo a gani. Kiraun ta 1951, da ta 1953, da ta 1960, da ta Churchill ta 1965, da bugun gama-gari na duk waɗanda suka biyo baya, da wannan haɗi aka yi su. Hausawa suka ce kama da wane ba ta wane.

Lissafin tsohuwar kiraun ta azurfa mai sauƙi ne. A tambayi farashin giram ɗaya na azurfa a ranar, a ninka shi sau 26 idan ta 1902 ce ko kafin nan, sau 14 idan ta 1927 zuwa 1937 ce. Wannan shi ne ƙasan farashinta, ko da ta goge. Dillali zai rage ribarsa daga ciki, amma wanda ya san lissafin ba za a yi masa tayin wulaƙanci ba.

Yawan bugu shi ke karya farashi

Masana'antar buga kuɗi ta Birtaniya, Royal Mint, wadda ta fara ƙaura daga Landan zuwa Llantrisant a yankin Wales a 1968, tana da alƙaluman abin da ta buga. Su ne ke bayyana dalilin da ya sa kwandalolin da aka fi gani suka fi araha.

Ta 1951, wadda aka yi don Bikin Birtaniya, kusan miliyan 2 aka buga. Ta naɗin Sarauniya Elizabeth a 1953, mai hotonta a kan doki, kusan miliyan 6. Ta 1960 ta ɗan haura miliyan 1. Ta Winston Churchill, firaministan da ya jagoranci ƙasar a Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya rasu ranar 24 ga Janairun 1965, an buga 19,640,000. Ta cikar auren Sarauniya shekara 25 a 1972 ta haura miliyan 7. Ta cikarta shekara 25 a kan mulki a 1977 ta haura miliyan 37. Ta cikar mahaifiyarta shekara 80 a 1980 ta haura miliyan 9. Ta auren Charles da Diana, wanda aka ɗaura ranar 29 ga Yulin 1981, ta haura miliyan 26.

A 1977 al'ummar Birtaniya kimanin miliyan 56 ne. Ke nan an buga kwandala biyu ga kowane mutum uku, har da jarirai. Wani abin da ya ƙara karya farashin shi ne, kusan babu wanda ya kashe su. Kowa ya karɓa ya adana, da tunanin wata rana za ta yi tsada. Kuɗin da ke yawo a kasuwa yakan goge, ya ɓace, a narkar da shi, har mai kyau ya yi wuyar samu. Waɗannan kuwa suna nan miliyoyi, sababbi fil, a cikin durowoyin gidajen Ingila. Duk mai tara tsofaffin kuɗi da ke son ɗaya ya riga ya mallaka.

Shi ya sa kiraun ta Churchill, da ta 1977, da ta 1981 kan tsaya a fam ɗaya zuwa biyu a hannun dillalai, kuma idan dillalin ne zai saya, abin da zai biya bai kai haka ba. Fam ɗaya a 'yan shekarun nan yana kai-kawo ne tsakanin sefa 750 da 800. Ta 1951 mai ɗan kwalinta na asali, da ta 1953, da ta 1960, sukan ɗan ɗara, amma dai cikin 'yan fam-fam ne. Kwandalolin fam biyar na bayan 1990, har da ta tunawa da Diana ta 1999, bugunsu na gama-gari yakan zauna kusa da darajar da aka rubuta a jiki ko ya ɗan wuce.

A dokance duk waɗannan halastattun kuɗi ne a Birtaniya har gobe. Sai dai wannan bai tilasta wa mai shago ko banki karɓarsu ba, kuma da yawa ba sa karɓa. 'Yan canji a Yamai ko Yawunde ko Njamena ma takardun kuɗi suke hulɗa da su.

Waɗanda ke da tsada da gaske

Daga 1927 zuwa 1936, zamanin Sarki George na Biyar, an riƙa buga wata kiraun mai hoton kambi a tsakiyar zagayen furanni. Kaɗan ake bugawa kowace shekara, yawanci don masu son ba da kyautar Kirsimeti. A yawancin shekarun adadin bai kai 10,000 ba. A 1932 an buga 2,395, a 1934 kuwa 932 kacal. Ta 1934 ita ce sarauniyar wannan jeri, kuma ta gaske takan kai dubban fam a gwanjo. Sauran shekarun sukan kai ɗaruruwa. Saboda tsadarta, jabunta sun yi yawa, har da waɗanda ake kankare lambar ƙarshe ta wata shekara a mayar da ita 4.

A tsakiyar wannan jeri, a 1935, an fitar da wata dabam don cikar Sarkin shekara 25 a kan mulki. Percy Metcalfe ne ya zana mahayin dokin da dodon cikin salon zamani, har Turawa suka yi mata laƙabi da dokin wasan yara. An buga sama da 700,000, don haka farashinta bai yi nisa da na azurfar da ke ciki ba. Haka ma ta naɗin George na Shida a 1937, wadda aka buga sama da 400,000.

Idan aka koma baya, akwai kiraun ta Sarauniya Biktoriya ta 1847, aikin William Wyon, mai rubutu irin na tsofaffin littattafan coci. Guda 8,000 aka buga, kuma masu tara kuɗi na sanya ta cikin mafi kyawun kwandalolin da Birtaniya ta taɓa yi. Ko wadda ta ɗan goge ba ta kasa fam dubu, mai cikakkiyar lafiya kuwa takan kai dubbai masu yawa.

Sama da duka akwai waɗanda ba su taɓa fita ga jama'a ba. Sarki Edward na Takwas ya sauka daga mulki a Disambar 1936 kafin a saki kuɗin da ke ɗauke da hotonsa, sai 'yan samfura masu shekarar 1937 suka rage. Akwai kuma kiraun ta 1663 da wani gwanin sassaƙa, Thomas Simon, ya yi don roƙon Sarki Charles na Biyu ya gwada aikinsa da na abokin hamayyarsa, inda ya rubuta koken nasa layi biyu a bakin kwandalar. Waɗanda aka sani ba su kai ashirin ba, kuma a 2024 an sayar da ɗaya a gwanjo kan kuɗin da ya kusa dalar Amurka miliyan ɗaya. Irin wannan labari ne masu bidiyo kan ɗauko, su liƙa shi a kan hoton kwandalar 1977.

Shekara ɗaya, bugu biyu

Wani abin da ke rikita mutane shi ne, tun daga 1972 Royal Mint kan fitar da zane ɗaya cikin ƙarfe fiye da ɗaya. Akwai bugun gama-gari na jan ƙarfe da nikel. Akwai kuma bugun musamman da dillalai ke kira proof, wanda ake yi da azurfa kashi 92.5, a goge hatimin bugun, a buga fiye da sau ɗaya, har filin kwandalar ya zama kamar madubi, hoton kuma ya fito da ɗan hazo. Wannan yakan zo cikin akwati da takardar shaida. Daga 1990 akwai ma na zinariya.

Ko bugun azurfar ba a yi shi kaɗan ba. Na 1977 ya haura 300,000, na 1981 ya haura 200,000. Farashinsu yana bin farashin azurfa ne da ɗan ƙari idan akwati da takarda suna nan.

Sikeli kaɗai ba ya raba su, domin bugun azurfa da na gama-gari duk giram 28.28 ne. Amma azurfa ta fi haɗin jan ƙarfe da nikel nauyi, don haka ta azurfa ta fi siranta idan aka jera su gefe da gefe. Ƙararsu ma ta bambanta: ta azurfa idan aka ɗora ta a kan yatsa aka ɗan ƙwanƙwasa a hankali, takan yi amo mai tsawo. Maganaɗisu ba ya jan ko ɗaya daga cikinsu. Idan ya ja, jabu ce ta baƙin ƙarfe da aka shafa wa farin ruwa.

Hatta kiraun ta Churchill tana da wani bugu mai santsi marar ƙyalli da aka yi 'yan kaɗan don manyan baƙi, wanda ke haura fam dubu. Sai ƙwararre ya gani da idonsa yake iya tabbatar da shi, kuma da wuya a same shi a sake cikin gwangwani.

Lafiyar jiki

Kwandala biyu masu shekara ɗaya na iya bambanta a farashi ninki goma saboda lafiyar jiki. Dillalan Birtaniya na da matakai, daga wadda ta goge amma ana karanta ta, zuwa mai ɗan gogewa a wuraren da suka fi tudu kamar gashin kai da kumatu, har zuwa wadda ba ta taɓa shiga hannun kasuwa ba. Kamfanonin Amurka irin su PCGS da NGC suna ba da maki daga 1 zuwa 70, su rufe kwandalar cikin roba mai lamba. Kuɗin wannan aiki ya ninka darajar kiraun ta Churchill sau da yawa, don haka tsofaffi masu tsada kaɗai ake kai wa.

Babbar ɓarnar da masu kwandala ke yi da hannunsu ita ce wanki. A ɗauko toka da lemun tsami, ko man goge haƙori, ko soson ƙarfe, a dirje ta har ta yi ƙyalli. A idon mai saye an kashe ta ke nan, domin ƙananan ƙarce-ƙarcen da dirjewar ta bari ba sa gyaruwa, kuma duhun da shekaru suka sa wa azurfa shi ne shaidar ba a taɓa ta ba. Wadda aka huda don sarƙa, ko aka liƙa wa mariƙi da dalma, ta koma farashin azurfarta kawai. Ana riƙe kwandala ta bakinta, a ajiye kowace ita kaɗai a busasshen wuri.

Darasin liyari

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin wata kwandala mai kusan girman kiraun, wato liyari mai hoton Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya. Fatake sun yi ciniki da ita daga Kano da Borno zuwa Wadai da Darfur da Habasha, mata sun yi ado da ita, maƙera sun narkar da ita sun yi zobba da mundaye. Nauyinta ya ɗan haura giram 28, azurfarta kashi 83 da ɗan ɗoriya.

Kusan kowace liyari da aka gani tana ɗauke da shekarar 1780, shekarar da matar ta rasu. Wannan ba ya nufin ta shekara 240 da wani abu. An ci gaba da buga ta da wannan shekara ba tare da sauyi ba, ɗaruruwan miliyoyi, a Biyana da Rum da Faris da Bombay, har ma a Landan daga 1936. Shi ya sa dillalan azurfa ke sayenta da awo. Tsufan da ke rubuce a jiki ba shi ne tsada ba, abin da ake tambaya shi ne guda nawa suka rage da kuma mutum nawa ke nema.

Masu hulɗa da kayan Faransa za su iya gwada wannan da faran 10 na azurfa mai hoton Hakulis da aka buga daga 1965 zuwa 1973, ko faran 50 na 1974 zuwa 1980. Su ma miliyoyi aka buga, mutane suka adana, kuma a yau da awon azurfa ake sayensu. Bambancinsu da kiraun ta Churchill, sa'arsu a shekaru, shi ne su akwai azurfa kashi 90 a ciki, ita kuwa babu ko ƙwaya.

Kwandalolin tsibirai da lambobin talla

Ba duk ƙatuwar kwandala mai hoton Sarauniya ce ta Birtaniya ba. Tsibirin Man, da Jibiralta, da Tristan da Cunha, wani tsibiri a kudancin Tekun Atlantika da mazaunansa ba su kai 300 ba, duk suna ba kamfanoni masu zaman kansu izinin buga kiraun da sunansu. Ana fitar da zane iri-iri, na kuliyoyi da jiragen yaƙi da 'yan ƙwallo, wasu a shafa musu ruwan zinariya, a sayar ta hanyar talla. Ana gane su da sunan tsibirin da ke rubuce kusa da hoton Sarauniya. Ba kuɗin kashewa ba ne a Ingila, kuma wanda ya saya sabuwa da tsada yakan sha mamaki ranar da ya tashi sayarwa. Ruwan zinariyar da ke jikinsu siriri ne ƙwarai, bai kai a auna ba.

Akwai kuma lambobin tunawa da kamfanoni ke yi, waɗanda babu wata gwamnati a bayansu. Takardar shaida mai hatimi da ke zuwa da su, kamfanin da ya sayar ne ya buga ta.

Kuɗin tayi da kuɗin sallamawa

Yawancin labaran miliyoyi daga shafukan sayar da kaya irin su eBay suke fitowa. A can kowa na iya ɗora kwandalar Diana ya rubuta fam 10,000, kamar yadda mai akuya ke iya cewa miliyan yake so a kasuwar kara. Abin dubawa shi ne nawa aka sallama. Shafin yana da wurin da ke nuna kayan da aka riga aka sayar da farashinsu, kuma a nan ake ganin gaskiya. Kamfanonin gwanjo na Landan irin su Spink da Noonans suna wallafa sakamakon gwanjonsu a intanet, sannan akwai kundin farashin kuɗin Ingila da ke fita duk shekara, wanda aka fi sani da kundin Spink.

Damfarar da ake yi da waɗannan kwandaloli salo biyu ce. A na farko, wani zai tuntuɓi mai kwandala ya ce shi wakilin attajiri ne a Turai ko Dubai, ya yi tayi mai tsoka, sannan ya nemi a fara tura kuɗin takardar shaida, ko na kwastan, ko na inshora ta wayar salula. Da an tura sai wata buƙata ta ɓullo, har ranar da lambar za ta daina shiga. A na biyu, mutum biyu ne ke haɗa baki: ɗaya ya zo neman kwandalar ruwa a jallo yana ambatar miliyoyi, bayan kwana biyu ɗayan ya ɓullo da ita yana neman kuɗin gaggawa. Wanda ya saya don ya ci riba sai ya nemi mai tayin farko ya rasa. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Kamfanin gwanjo na gaskiya yakan duba hoto ya ba da ƙiyasi kyauta, ya kuma cire ladansa daga kuɗin da aka sayar.

Abin da mai kwandala zai yi

Matakin farko shi ne karanta shekarar. Idan 1951 ce ko bayanta, kuma babu akwati da takardar Royal Mint da ke nuna azurfa ko zinariya, kayan ajiya ce, kuɗin aika ta Landan ma ya fi darajarta. Idan 1935 ce ko 1937, akwai azurfa giram 14 da ɗan ƙarin masu tarawa. Idan 1902 ce ko kafin nan, akwai giram 26, kuma lafiyar jiki na iya ɗaga ta sosai. Idan kuwa tana tsakanin 1927 da 1936 da kambi cikin zagayen furanni, ko ta 1847 ce, ta cancanci a kai ta ga ƙwararre.

Kafin nan, a je wurin masu sayar da zinari a ɗora ta a sikelinsu. Wadda ba ta goge sosai ba za ta tsaya daf da giram 28.28, jabu kuwa sau da yawa sukan gaza da giram ɗaya ko fiye. A ɗauki hoton fuska biyu da na baki cikin hasken rana, a aika wa kamfanin gwanjo fiye da ɗaya ta adireshin da ke shafinsa na hukuma, a gwada amsoshinsu. Idan kwandalar cikin kayan gado take, ya fi kyau a yi awon da ƙiyasin a gaban magada ko wakilansu, kowa ya ga lambar da sikeli ya nuna, kafin a yanke shawarar sayarwa ko a bar ta a hannun wanda ya fi son ajiye abin tunawa da mamacin.